Ra'ayinmu: Salula ta shigo ruga, saura mu iya riƙonta



A shekarar 2001 ne wayar salula ta fara aiki a ƙasar Nijar. A wancan lokaci abin manyan ma'aikata ne da alhazan birni, kuma da wani ya ce wata rana za a ji tana kuka a aljihun yaro mai bin shanu a dajin Tadres ko na Gadabeji, da an yi masa dariya. Yau kuwa ga ta a ruga, ga ta a bakin rijiya, ga ƙaramin faranti mai ɗaukar hasken rana ɗaure bisa kayan jaki yana ba ta wuta. Tun da abin ya zama haka, ya kamata mu zauna mu yi lissafi irin na ɗan kasuwa, mu ga abin da ta kawo mana, da abin da take ci daga jikinmu, da abin da ya rage mu yi.

Akwai masu cewa makiyayi ba ya son sabon abu. Tarihi ya ƙaryata su. Ciwon bushiya, wanda ya share garkunan kakanninmu a shekarun 1890, allurar rigakafi ce ta kawar da shi, har aka bayyana a 2011 cewa babu shi a duniya baki ɗaya. Wa ya riƙa kora shanu zuwa wurin allurar nan shekara da shekaru, in ba makiyayi ba? Haka muka karɓi rijiyar siminti da famfo da rediyo da babbar mota. Makiyayi yana karɓar abin da ya gwada ya ga amfaninsa. Abin da yake gudu shi ne a yanke masa hukunci ba ya wurin.

Abin da ta canza a kasuwa

Dattawan cikinmu sun san yadda abin yake a da. Mutum zai kora sa na kwana biyu ko uku zuwa kasuwar Abalak ko Dakwaro ko Tanut, bai san kuɗin da ake bayarwa ba sai ya isa. In ya tarar kasuwa ta faɗi, komawa da dabba asara ce, sayarwa ma asara ce, ga iyali suna jiran hatsi. Dole ya sallama. Yanzu tun daga ruga yana iya kiran ɗan uwa ya ji yadda kasuwar Maigatari ta ci ranar Alhamis, da yadda ake canjin naira da sefa, da kuɗin buhun gero, kafin ya kama igiya.

Masana sun auna wannan abu. Wata malamar jami'a ƴar Amurka mai suna Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. A kan hatsi ta yi binciken, amma ya shafe mu kai tsaye, domin makiyayi yana sayar da rago ne ya sayi gero, kuma arzikinsa na shekara yana tsakanin waɗannan farashi biyu.

Wasu sun yi tsammanin waya za ta kashe sana'ar dillali. Ba ta kashe ba, kuma ba ma fatan ta kashe. Dillalin kirki shi ne mai saukar da baƙo, shi ne shaidar cewa dabba ba ta sata ba ce, shi ne mai tsayawa in an yi ciniki bashi. Abin da waya ta rage shi ne ribar da ake ci da rashin sanin mutum, wato a saya hannunsa da arha a gaya masa haka kasuwa take. Dillalin da sana'arsa ta tsaya a kan wannan kawai, shi ne ke kuka da salula.

Sai batun kuɗi. Falke ya kan fito daga kasuwa da kuɗin shanu talatin ɗaure a ƙugu, kuma ƴan fashi sun san ranar kowace kasuwa kamar yadda muka sani. Yanzu akwai gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, akwai kuma asusun cikin waya na kamfanonin salula, mutum ya zuba a nan a karɓa can. Rayuka da dukiya da yawa sun tsira ta wannan hanya. Amma ɓarawo ma ya koyi zamani. Ana turo wa mutum saƙon ƙarya mai kama da na banki, ya saki dabba, sai ya je karɓa a ce babu ko dala. Ana kiran mutum da sunan ma'aikacin kamfani a ce ya ci kyauta, ya faɗi lambarsa ta sirri. Akwai kuma dattijon da bai iya karatu ba, ya miƙa wayarsa da lambar sirrin ga yaron da ke zaune a bakin kasuwa. Wannan daidai yake da ba baƙo igiyar garke da dare.

Kada kuma mu manta da abin da ya faru a farkon 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya canza takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. A kasuwannin kan iyaka, wanda ba shi da asusun banki ya rasa yadda zai karɓi kuɗin dabbarsa, mai asusun kuma ya yini yana jiran saƙon da bai zo ba. Mutane da yawa sun karyar da dabbobinsu ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Darasin shi ne, hukunci guda da aka yanke a ofis a Abuja ya isa ya taɓa aljihun makiyayin Tanut, kuma wanda bai san hanyar kuɗin zamani ba shi ne farkon faɗuwa.

Labarin ciyawa da ruwa

Tun fil azal garso ne ke fita a kan raƙumi ko doki ya dubo inda hadari ya sauka, ya dawo ya ba da labari kafin a tashi. Yau kira ɗaya yana rage masa tafiyar kwanaki. Bayan wannan, taurarin ɗan adam suna ɗaukar hoton ƙasa daga sama, ana gane inda ciyawa ta fito da tabkunan da suka riƙe ruwa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin nan, tana cikin masu wannan aiki. A ƙasar Mali an buɗe wani tsari mai suna GARBAL a 2017, inda makiyayi zai kira lamba a gaya masa da harshensa inda ciyawa da ruwa suke da farashin kasuwa, daga baya tsarin ya isa Burkina Faso da Nijar.

Muna maraba da wannan, amma da sharaɗi biyu. Na farko, hoton sama yana nuna kore ne kawai. Bai san ciyawar da saniya ke so da wadda take ƙi ba, bai san rijiyar wane dangi ce ba, bai san ko akwai ƴan bindiga a wurin ba. Saboda haka ƙari ne a kan sanin garso, kuma duk wanda ya tashi garke don abin da waya ta faɗa bai tambayi mutanen wurin ba, ya yi ganganci. Na biyu, labarin da talaka ya ji, mai kuɗi ma ya ji shi, kuma shi yana da babbar mota da tankin ruwa. Kafin mai shanu ashirin ya iso da ƙafa, an riga an sauke garken attajiri, ko masu kwasar ciyawa sun share wurin sun kai birni sayarwa. Dokar kiwo ta 2010 ta tsara yadda za a kwashi ciyawa a filayen kiwo. In ba a yi aiki da ita ba, na'urar da aka kawo don taimakon talaka za ta zama jagorar mai ƙarfi zuwa ga abincin dabbobinsa.

Haka abin yake ga lafiyar bisashe. Kiran likitan dabbobi da tura masa hoton saniya marar lafiya alheri ne. Amma saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp suna cewa a haɗa magani kaza da kaza, ba a san wanda ya faɗa ba, sun sa mutane suna ɗura wa dabbobi jabun magunguna na tebur, ko su yi allura ba bisa ƙa'ida ba har maganin ya daina ci.

Tsaro da ji-ta-ji-ta

In an sace shanu yau, kafin ɓarawo ya kai kasuwa hoton dabbobin da shaidar da ke jikinsu sun riga shi isa hannun sarakunan tike da dillalai. An mayar wa mutane dukiyarsu ta haka. To amma wayar nan ita ce kuma makamin masu satar mutane. Da ita ɗan leƙen asirinsu ke sanar da su wanda ya sayar da shanu ranar kasuwa, da ita suke cinikin kuɗin fansa. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji sun san wannan masifa, haka ƴan uwanmu na jihohin Adamawa da Arewa a Kamaru, inda iyalai suka sayar da garke sukutum don su karɓo mutum ɗaya. Shawararmu ita ce mutum ya rage baza sirrinsa. Ba kowane ciniki ake faɗa a waya ba, kuma samarin da ke ɗaukar hoton garken ubansu suna sawa a Facebook ko TikTok don burgewa, su sani ba masoya kaɗai ke kallo ba.

Hukumomi kan ce maganin abin shi ne a yanke rezo. An gwada haka a jihar Zamfara a watan Satumba 2021, aka kashe layukan waya, aka rufe kasuwannin dabbobi na mako-mako, matakin ya kuma shafi wasu yankunan Katsina da Sakkwato. Ɓarna ba ta ƙare ba, amma talaka ya rasa hanyar kiran agaji, falke ya rasa kasuwa. Mai bindiga yana da kuɗin neman wata hanya, mai akuya biyar ba shi da shi. Muna roƙon duk hukumar da za ta ɗauki irin wannan mataki ta auna wanda zai fi jin jiki, ta kuma sa masa wa'adi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ji-ta-ji-ta. Ba mu manta da Toda ba, a jihar Maraɗi, inda a watan Oktoba 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, galibinsu mata da yara. A lokacin da ƙafa labari yake tafiya, amma dubi abin da ya haifar. Yau saƙon murya ɗaya yana shiga ƙauyuka hamsin kafin a gama sallar magariba. Ana ɗauko tsohon hoton gawawwaki daga wata ƙasa a ce jiya ne a garin kaza, Fulani suka yi, ko kuma manoma suka yi wa Fulani. Mu da aka daɗe ana shafa wa baƙin fentin laifin wasu tsiraru, mu ne ya fi kamata mu ƙi tura abin da ba mu tabbatar ba, ko da ya yi daidai da abin da zuciyarmu ke so ta ji. Magana zarar bunu ce. Kuma a sani, Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, a watan Yuni 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a cikinta ga ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Wanda ya tura saƙo yana iya amsa tambaya kamar wanda ya ƙirƙira shi.

Wanda ba ya cikin kwamfuta

Nan ne muke so shugabannin ruga su buɗe kunne. Mulkin zamani yana komawa cikin na'ura. Ba a sayen layin waya sai da katin ɗan ƙasa, ba a buɗe asusu sai da shi, kuma katin ba ya samuwa sai da takardar haihuwa. A Najeriya tun watan Disamba 2020 aka ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar ɗan ƙasa, aka rufe layukan da ba a haɗa ba. A zaɓen Nijar na 2020 da rajista mai hoto da zanen yatsa aka yi aiki, mutane kimanin miliyan 7.4 ke ciki, wanda kuma masu rajista ba su same shi ba saboda yana bayan dabbobinsa ko saboda rashin tsaro a yankinsa, bai jefa ƙuri'a ba. Yaron da aka haifa a daji ba a rubuta shi ba zai girma ya tarar ƙofofin nan duk a rufe. Layin da aka saya da katin wani kuwa, ranar da ya ɓace ko aka yi rigima, kuɗin da ke ciki ba naka ba ne a idon kamfani.

Batun fili ya fi wannan nauyi. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Kundin dokokin karkara na 1993 ya kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma hana mallake filayen kiwo. Dokoki ne masu kyau, amma yau da na'urar auna fili mai aiki da tauraron ɗan adam ake shata burtali da mashaya da makiyaya, a zuba su cikin taswira a kwamfuta. Jihar Doso ce ta fara kammala tsarin filayenta a 2018. Abin da ya shiga taswirar nan zai yi wuyar cinyewa, abin da bai shiga ba kuwa, gobe in an je gaban alƙali za a ce babu shi, ko da kakanninmu sun shekara ɗari suna bi. Ranar da ma'aikata suka zo awo, in makiyaya suna can wajen kiwo ba su bar wakili ba, wanda ke zaune a gari shi zai nuna iyaka. Ga kuma inda waya za ta yi mana aiki: in an ga gona ta ci burtali, ko an kafa shinge a mashaya, a ɗauki hoto da kwanan wata a kai wa Kofo tun abin yana ɗanye, kafin a kai ga sanda da takobi.

Mata da yara

A ruga da yawa waya ɗaya ce, tana hannun maigida, in ya yi tafiya ta bi shi. Alhali mace ce ke sayar da nono da man shanu, ita ce ke zaune da yara in ciwo ya tashi da dare. A lokacin yunwar 2010, ƙungiyar Concern ta raba tallafi na kimanin jika 22 kowane wata har wata 5 a ƙauyukan jihar Tawa, wasu a hannu, wasu ta waya. Binciken da aka yi ya nuna matan da suka karɓa ta waya sun rage ɓata lokaci a hanya da layi, kuma gidajensu sun fi cin abinci iri-iri. Wanda ya saya wa matarsa ƙaramar waya bai yi asarar kuɗinsa ba.

Game da samari, ba mu ce a ƙwace masu waya ba. Amma yaron da ya sunkuyar da kai yana kallon fim har shanu suka faɗa gonar mutane, ya jawo wa ubansa tara, ya jawo wa ruga duka baƙin jini. Iyaye su sa ido, su kuma mai da wayar abin koyon karatu da lissafi, domin mai iya karanta saƙon kuɗinsa da kansa ya fi wuyar cuta.

Kiran da muke yi

1. Ga makiyaya: kowa ya nemi takardar haihuwa ga ƴaƴansa maza da mata, da katin ɗan ƙasa, ya sayi layi da sunansa. Lambar sirri ta zauna a kai. Kada a saki dabba don saƙo ya shigo, sai an duba asusu an ga kuɗi.

2. Ga fatake da dillalai da sarakunan tike: cinikin da aka yi ta waya a kafa masa shaidu kamar na ido da ido. Dabbar da aka baza hotonta cewa ta sata ce, a tsare ta a sanar da hukuma.

3. Ga ardo-ardo da rugga da garso: kowane yanki ya naɗa wakilin da ba ya tashi, mai waya a kunne, wanda Kofo ta san shi, don kada a yi awon fili ba mu nan. Duk labarin tashin hankali a tabbatar da shi daga bakin mutum biyu na wurin kafin a faɗa wa jama'a.

4. Ga kamfanonin Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom: yankin kiwo ma yana sayen kati. A kafa turakun rezo a manyan rijiyoyi da kasuwannin arewa, a kuma yi bayanin kuɗi da murya cikin Hausa da Fulatanci da Tamashek da Zabarmanci da Barbarci da Tubanci, tun da yawancinmu ba Faransanci muke karantawa ba.

5. Ga hukumomi: masu ba da takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa su riƙa bin taron makiyaya, kamar na Ingal, da ranakun kasuwa da lokacin allurar dabbobi. Farashin da ofishin SIM-bétail ke tattarawa a riƙa watsa shi kowane mako ta rediyon karkara da ta waya kyauta. Taswirar burtali kuma a manna ta inda kowa zai gani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon wanda wannan jarida ta shiga hannunsa ya karanta wa maƙwabtansa a bakin rijiya da rumfar kasuwa, a tattauna, a aiko mana da abin da aka gani a kowane yanki, mu kuma za mu buga shi mu isar da shi inda ya kamata. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.